Abin da Fenti Ke Rufewa a Jikin Tsohuwar J5

Wanda ya san hanyar Haɗeja zuwa Kano ta Gujungu da Ringim ya san J5: gindi a ƙasa saboda lodi, buhunan tattasai ko kwalayen busasshen kifi har saman rufi. Kamfanin Peugeot ya fara fitar da ita a 1981 daga wata masana'anta a Italiya, inda ake ƙera ta tare da 'yan uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, aka daina a 1993, Boxer ta gaje ta. Ke nan mafi ƙuruciyar J5 ta haura shekara 30. A Turai mota mai wannan shekaru ta zama kayan tarihi, a nan kuwa jari ce da ake ci da iyali a kai. Ga alama shi ya sa mai saye yakan kasa kunne ga inji, ya leƙa hayaƙi, ya gwada giya, ya yi wa bodi kallo ɗaya ya ce fenti ya yi kyau. A ganina an juya lissafin. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu, amma idan ƙarfen jikin J5 ya mutu, motar ce ta mutu.

Dalilin yana cikin ƙirarta. Babbar mota tana da shasi daban, dogon ƙashin baya da ake ɗora bodi a kai. Ita J5 mai rufaffen jiki, daɓenta da dokin ƙofa da ginshiƙai da sandunan ƙarƙashi duk a haɗe suke da walda, su ne ke ɗaukar nauyi, kuma a jikinsu aka ɗaure sufirin da shokazoba. To waɗannan wuraren ne yankin Haɗeja ya fi ci. Motar da ke shiga ƙauyukan Auyo, Kirikasamma da Guri da damina tana dawowa da laƙar fadama cunkushe a gidan taya da cikin sanduna, laƙar kuma tana riƙe danshi kwanaki bayan hanya ta bushe. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, motoci sun yi ta ratsa ruwa har dokin ƙofa. Daga ciki kuma ga ruwan ɗanyen kifi, ga takin zamani da ke zubewa daga buhu, wanda cin ƙarfensa bai da bambanci da na gishiri. Wadda aka shigo da ita daga Beljiyam ma da ciwonta ta zo, don a can ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Binciken ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin motar da shi. Inda ƙarfe ne da fenti kawai zai kama, don fentin kamfani bai fi kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Inda ya saki ya zame, akwai fila mai kauri a ƙarƙashi. A ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ƙarfe yana amsawa rau, fila kuwa dum kamar bangon laka. Sannan a janye robar bakin ƙofa a duba haɗin: waldar kamfani ɗigo-ɗigo ce, zagayayyu, tazararsu kusan ɗaya, ta gareji kuwa doguwa ce mai ƙulli-ƙulli, wani lokacin da baƙin ƙuna a gefenta. Idan irin wannan layin ya ratsa daɓe daga wannan gefe zuwa wancan, ya kuma hau ginshiƙai, to akwai yiwuwar mota biyu ce aka yanka aka haɗe. A ɗage shimfiɗar daɓe, a shiga rami da tocila da sukundireba a tsokani sanduna. Lambar shasi kuma, mai harufa da lambobi 17, wadda ta Peugeot ke farawa da VF3, a gwada ta da takardu, a kuma duba ko an yi walda a kewayenta. Dillalin da ya hana a ɗage shimfiɗa ya riga ya ba da amsa.

Za a ce neman bodi na asali wasan masu kuɗi ne, motar ɗaukar attaruhu ba ta buƙatar ƙofar da ta fito da ita daga kamfani. Wannan gaskiya ce, kuma ban ga laifin ƙofa ko madigadi na wata J5 da aka sayo a kasuwar Kofar Ruwa ba, ko da launi ya bambanta. Ƙofa riga ce. Amfanin gane aikin kamfani shi ne ya nuna inda aka taɓa, daga nan a tambayi me ya sa aka taɓa, kuma wane ne ya yi aikin.

Idan aka zo batun gyara kuwa, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Direba zai ce kaka ta zo, kowace rana a gareji asara ce, mai fanal bita kuma zai shafe ramin da fila yau, gobe a fesa fenti. Matsalar ita ce fila ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan danshi ta baya. An yi ta ne don daidaita ɗan lanƙwasa da bai wuce milimita 3 ba, a kan ƙarfe mai lafiya. Idan aka cika rami da ita, tsatsa na ci gaba da aikinta a ɓoye, damina ɗaya ko biyu fenti ya kumbura, gargadar hanya ta tsage shi, ramin ya dawo ya fi da faɗi. An biya sau biyu ke nan. Gyaran da ke tsayawa shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga farin ƙarfe, a yanko faci mai kauri ɗaya da na wurin, gara ma daga jikin wata J5 da aka kashe, a ɗana shi baki da baki. A yi waldar ɗigo-ɗigo ana tsallakawa ana barin ta huce, don wutar kabayit idan ta daɗe wuri ɗaya tana murɗe siririn ƙarfe, ta lantarki kuma tana huda shi. Bayan haka a shafe bayan facin da fentin hana tsatsa, wanda shi ne aka fi mantawa tunda ba mai ganinsa, a kuma buɗe 'yan hujojin da kamfani ya bari a ƙasan ƙofa da dokin ƙofa don ruwa ya fita. Sau da yawa su ne farkon abin da fila ke toshewa.

Mai ƙaramin ƙarfi ba sai ya yi duka a tashi ɗaya ba. Ya fara da inda sufirin ya kama, da wurin kafa jak, da daɓe, kafin ruwan Yuli ya sauka. Lotsewar gefe da fenti za su iya jira har a sayar da shinkafa.