3.4 Bambancin Launi a Na'urorin Hangen Nesa Masu Gilashi

Kamar yadda aka yi bayani a baya, Bahaushe ya daɗe yana bambance taurari da ido, har ya raɗa musu sunaye irin su Zara matar wata da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta. A ƙauyukan da ke nesa da fitilun birni, kamar Jajaye ta ƙaramar hukumar Rogo, sararin sama yakan fito tangaran da daddare. Wannan sashe zai yi bayani a kan dalilin da ya sa na'urori biyu kan ɗauki hoton tauraro ɗaya, amma launinsa ya sha bamban.

3.4.1 Asalin Matsalar

Na'urar hangen nesa iri biyu ce, wato mai gilashi da mai madubi. Mai gilashi ita ce ta fara bayyana a ƙasar Holan a shekarar 1608, sannan Galileo ya yi amfani da ita wajen duban taurari daga 1609. Aikin gilashin shi ne ya lanƙwasa haske ya tara shi wuri guda. To amma farin haske haɗakar launuka ne irin na bakan gizo, kuma shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa. Saboda haka kowane launi yakan taru a nasa wurin, sai a ga wani zobe mai launi ya kewaye abin da ake kallo. Wannan ne ya sa Isaac Newton ya ƙera mai madubi a 1668, domin madubi ba ya rarraba launi.

3.4.2 Ire-iren Gilashi

(a) Mai gilashi ɗaya: Wannan ita ce ta farko, kuma ta fi kowacce gurɓata launi. Dabarar mutanen da ita ce su tsawaita bututunta ƙwarai, don launin ƙarya ya ragu.

(b) Akuromat: Ana haɗa gilashi biyu mabambanta, ɗaya daga ciki mai haɗe da dalma, ta yadda ja da shuɗi za su taru wuri ɗaya. John Dollond ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1758. Duk da haka, akan sami ragowar zoben shunayya a gefen wata da taurari masu haske, musamman idan bututun gajere ne.

(c) Afokuromat: Yawanci gilashi uku ake jerawa, cikinsu har da na fulorait ko wani makamancinsa. Tana tara launuka uku wuri ɗaya, don haka ita ce ta fi fito da launi na gaskiya. Sai dai tana da tsada sosai.

3.4.3 Muhimmancin Bambancin ga Mai Ɗaukar Hoto

Idon ɗan'adam ba ya ganin launin shunayya sosai da dare, amma kyamara tana ɗaukarsa, kuma takan daɗe a buɗe tana tara haske. Ke nan aibin da ido bai kula da shi ba yakan fito ƙarara a hoto. Misali, shuɗin da ake gani a taurarin Kaza da 'ya'yanta nasu ne na asali, domin taurari ne masu tsananin zafi. Amma Zara fara ce, saboda haka zoben shunayyar da ke kewaye ta a hoto na gilashi ne.

Har ila yau, ba kowane sauyin launi ne laifin na'ura ba. A lokacin hunturu, ƙurar hazo kan tauye shuɗin haske, sai wata ya yi jaja-jaja idan yana kusa da faɗuwa. Na'ura mai tsada ba za ta gyara wannan ba.

Wannan batu ya shafi masu duban jinjirin wata, waɗanda rahotonsu kan isa ga kwamitin duban wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Jinjirin wata siriri ne, kuma yakan fito a cikin jan hasken magariba. Hasken da gilashi ya warwatsa yana rage kaifin gefensa a hoto. Don haka ya kamata mai ɗaukar hoton ya san irin gilashin da ke hannunsa, kuma ya rubuta yanayin sama a lokacin da ya ɗauka.