Ruwa Ba Ya Tsami Banza

'Yan'uwa manoma, idan bazara ta yi, hadari ya fara haɗowa, kowa hankalinsa yakan koma kan iri da taki da garma. Amma akwai wani aiki da ya kamata kowace ƙungiya ta gama kafin ruwan fari ya sauka, wato gyaran harabar sitonta da wurin da take tara shara.

Ruwan sama ba ya zaɓe. Abin da ya tarar a ƙasa, shi yake kwasa ya yi gangare da shi zuwa rafi, ko tafki, ko bakin rijiya. Kada mu raina yawan ruwan nan. Sito mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, idan aka yi ruwa na milimita 20, rufinsa kaɗai zai zubo lita 1,200. Wato duro shida ke nan a ruwa guda. To, idan juji yana ƙarƙashin indararo, ina tsantsarsa za ta tafi?

Me ruwan yake kwasa?

Na ɗaya, ruɓaɓɓen kaya. Inda ake tsince tumatir da albasa da tattasai kafin a loda wa mota, akan watsar da waɗanda suka lalace nan kusa. Idan ruwa ya kai su tafki, suna ci gaba da ruɓewa, suna cinye iskar da kifi yake shaƙa a cikin ruwa. Sai ruwa ya yi wari, kifi ya taso matacce. Juji kuma yakan tara ƙuda, yara su mai da shi wurin bahaya. Ta bahayan mutum ne ciwon amai da gudawa, wato kwalara, yake shiga ruwan sha. A shekarar 2021 an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 kuma suka rasu.

Na biyu, ruwan rogo. Masu yin garin kwaki sun san ruwan da ake matsewa daga rogo mai ɗaci yana da dafi. Akuyar da ta sha shi tana iya mutuwa.

Na uku, takin zamani. Yuriya tana narkewa kamar gishiri. Buhun da ya jiƙe hasara biyu ce: kuɗin ƙungiya ya narke, takin kuma ya je ya ciyar da gansakuka har ta rufe tafki.

Na huɗu, maganin ƙwari da baƙin man injin niƙa. Kaɗan daga cikinsu ya isa ya ɓata ruwa mai yawa, tafasawa kuwa ba ta fitar da su.

Abin da za mu yi

Dabarar guda ɗaya ce: kada ruwan sama ya gamu da shara.

1. A yi rumfa inda ake tsince kaya, a daɓe ƙasan. A share wurin kowace yamma. A share da tsintsiya a kwashe, kada a kora da ruwa zuwa kwata.

2. A haƙa ramin taki a kan tudu, a ƙalla mita 30 daga rijiya, wato wajen taku 40 na babban mutum. Kada ramin ya kasance ta inda ruwa yake gangarowa zuwa rijiyar. A zuba ruɓaɓɓen kaya da ɓawo da kashin dabbobi a ciki, a bi da toka da ƙasa kaɗan, a rufe da ciyawa. Bayan 'yan watanni ya zama taki mai kyau na gonar ƙungiya.

3. A ja ƙaramar kwata ta saman harabar domin ruwan da yake zuwa daga tudu ya kewaye, kada ya ratsa. A tari ruwan rufi a duro.

4. A jera buhunan taki a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo. A toshe ɓular kwano tun yanzu.

5. A haƙa rami dabam domin ruwan rogo, a zuba tsakuwa, a kewaye shi da shinge saboda yara da dabbobi.

6. Kwalbar maganin ƙwari, a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin abin feshi, a huda ta. Kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki. Kada kuma a wanke abin feshi a rafi.

7. A tara baƙin mai a galan mai marfi. Idan ya zube, a tsane shi da yashi a kwashe.

8. A dasa jema ko gamba a gangaren harabar. Ciyawar tana rage gudun ruwa, tana kuma tare laka.

Yawancin aikin nan fartanya da tsintsiya ne, ba kuɗi ba. A taronku na gaba, ku zaɓi mutum biyu. Ranar da aka yi ruwan fari, su fita su bi sawun ruwan daga ƙofar sito har inda ya tsaya, su kawo wa ƙungiya labari. Watakila su tarar ya tsaya a rijiyar da 'ya'yanmu suke sha.