3.4 Zaɓen Mafarar Bugu Gwargwadon Ƙwarewar Ɗan Wasan Golf

A wannan sashe za a dubi yadda ɗan wasa ke zaɓen wurin da zai fara bugu. Cikakken filin golf yana da ramuka 18, kuma kowane rami yana da mafara fiye da ɗaya, waɗanda ake bambantawa da launi. A bisa al'ada, jar mafara ita ce mafi kusa da rami, fara tana tsakiya, shuɗiya ko baƙa kuwa tana can baya domin ƙwararru.

Ma'aunin zaɓen shi ne nisan bugun mutum. A shekarar 2011 ƙungiyoyin USGA da PGA na Amurka suka ƙaddamar da shirin jan hankalin 'yan wasa su matso gaba. Jadawalin shirin ya nuna cewa wanda bugunsa na farko ke kaiwa yadi 200, filin da ya dace da shi bai wuce yadi 5,200 zuwa 5,400 ba, mai kaiwa yadi 250 kuwa, yadi 6,200 zuwa 6,400.

Idan ɗan koyo ya yi girman kai ya koma mafarar baya, ƙwallonsa kan faɗa rairayi ko ruwa, yawan bugunsa ya ƙaru, ya kuma tsare waɗanda ke bayansa. Irin wannan wahala kan sa mutum ya daina wasan dungurungum. Saboda haka ake so ya fara daga gaba, ya riƙa ja da baya yayin da hannunsa ke faɗawa.