TSUNTSUN DA BA YA KWANA SHI KAƊAI: YADDA AKE KIWONSA GARKE GUDA

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

In aka ambaci Potiskum a gaban ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne shanu da manyan motoci. Ba kuwa laifinsa ba ne. Kasuwar shanun garin, wadda ke cika ran Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma daga cikinta ne tireloli ke lodin dabbobi suna gangarawa Kurmi. Amma ban da shanu da awaki, akwai wani kiwon da mutanen wannan yanki suka daɗe da gwanancewa a kansa, watau kiwon masu fiffike: tattabaru da zabi da kaji da agwagi. Yaro ɗan shekara goma a nan ya san yadda ake haɗa tattabara da mijinta, ya kuma san ranar da za ta ƙyanƙyashe.

Tsuntsayen ado kuwa labarinsu daban ne. Kanari da tsirya da aku da 'yan'uwanmu masu talla ke yawo da su cikin keji a titunan Ikko, yawancinsu ba a gida aka ƙyanƙyashe su ba. Daga daji aka kamo su da tarko ko da danƙo, in sun mutu a koma a kamo waɗansu. To, a wannan mako za mu duba wani ɗan tsuntsu na ƙasarmu wanda masu kiwo a Turai da Amurka suka koyi yadda zai hayayyafa cikin keji, don mu ga ko akwai abin da mai ɗakin tattabaru zai ƙaru da shi daga wurinsu.

Wane Tsuntsu Ne?

Turawa sun laƙaba masa wani suna wanda in an juya shi da Hausa sai a ce "tsuntsun ɓera". Dalili kuwa shi ne gashinsa toka-toka ne mai laushi kamar na ɓera, ga doguwar jela siririya, ga shi kuma yana sanɗa yana kurɗawa cikin rassan ƙaya kamar ɓera cikin rumbu. Tsawonsa ya kai inci 13, amma kashi biyu cikin uku duk jela ce. Nauyinsa kuwa bai wuce na ƙwan kaza guda ba.

Iri shida ne a duniya, kuma dukansu a Afirka kudu da Sahara suke. Biyu daga ciki suna Nijeriya. Na farko yana da tukku, da jan fata kewaye da ido, da wani tabo shuɗi mai haske a ƙeya. Masana suna kiransa Urocolius macrourus. Shi ne na ƙasar ƙaya da rairayi. In mutum ya bar Potiskum ya nufi arewa wajen Gashuwa da Gaidam, har zuwa bakin Tafkin Chadi da cikin Jamhuriyar Nijar, nan ne gidansa, kuma kafin a gan shi akan ji doguwar fitarsa. Na biyu, mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya fi son wuri mai ni'ima, kamar tsaunukan Jos da Mambila.

Wani abin mamaki, dangin wannan tsuntsu sun taɓa zama a wuraren da babu su yau. An haƙo ƙasusuwansu cikin duwatsu a Jamus da Faransa, kana a 2017 masana suka bayyana wani da aka tono a New Mexico ta Amurka, wanda suka ce ya shekara wajen miliyan 62. Sauran duk sun ƙare, na Afirka kaɗai suka rage.

Dalilin Zaman Tare

Abu na farko da mai kiwo zai sani shi ne wannan tsuntsu ba ya cin gero ko dawa. Abincinsa 'ya'yan itace ne, irin su ɓaure da magarya da darbejiya, da fure da tohon ganye. Wanda ya sa shi cikin kejin kanari ya watsa masa hatsi, yunwa ce za ta kashe shi alhali ga abinci a gabansa.

Ganye kuwa ba ya riƙe ciki, ba ya kuma ba da ƙarfi da yawa, saboda haka tsuntsun yana da dabarun tattalin ɗumin jikinsa. Da hantsi za a gan su sun rataye a reshe, ƙafafu a ware daidai kafaɗa, sun buɗe ciki suna fuskantar rana. Ɗumin ranar yana taimaka musu narkar da abin da suka ci. Ƙafarsu ta dace da wannan rataya, don suna iya juya yatsunsu huɗu duka su dubi gaba. Da almuru kuma sai su taru su cure wuri guda, ƙirji da ƙirji, jeloli na reto a ƙasa, su kwana a haka kamar nonon inabi.

Tun a 1970 waɗansu masana biyu na Amurka, Bartholomew da Trost, suka auna zafin jikin irin na biyu, kuma binciken da aka yi daga baya a Jamus da Afirka ta Kudu ya ƙara tabbatar da abin da aka gani: in abinci ya yi ƙaranci, da dare zafin jikin tsuntsun yakan sauka daga wajen digiri 40 zuwa ƙasa da 25, ya sandare kamar matacce, sai gari ya waye ya farfaɗo. Wanda ya kwana cikin 'yan'uwansa ba ya ƙona ƙarfinsa kamar wanda ya kwana shi kaɗai. A Potiskum sanyin dare a watan Disamba da Janairu yakan kai digiri 12. Ke nan wanda ya ajiye guda ɗaya tak a keji, a waje, cikin muku-mukun hunturu, yana iya wayar gari ya tsinci gawa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga wannan tsuntsu maganar ta rai da mutuwa ce.

Ɗakin Kiwo

Masu kiwonsa a gidajen namun daji da gidajen mutane ba sa amfani da ƙaramin keji. Ɗakin raga suke yi wanda mutum zai shiga ya miƙe tsaye, su cika shi da rassa da itatuwa masu duhuwa, don tsuntsun ya fi son hawa da rataya a kan tashi. A ƙasarmu ya kamata a toshe gefen arewa da gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, a rufa rabin saman don inuwa, a bar rabi don rana. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, a kuma binne gindinta cikin siminti saboda ɓera da maciji da kyanwa. A ajiye faranti da busasshen rairayi, don suna son birgima cikin ƙura kamar kaji.

Abinci ba shi da wuya a nan: gwanda da ayaba da gwaiba da mangwaro, a yayyanka, a haɗa da ganyen latas ko alayyafo. A Turai sukan ƙara da wani abincin kanti da aka yi musamman don tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace. Ana zuba abinci safe da yamma, a kwashe wanda ya kwana, don 'ya'yan itace ba sa jimre zafinmu. Kashinsu kuma ruwa-ruwa ne, ga yawa, saboda haka shara ta kullum ce. In za a kama ɗaya, kada a riƙe shi ta jela. Gashin yakan tuge ya bar mutum da shi a hannu.

Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa

A nan ne kiwon garke ke da wuya. Tsuntsun da ba ya iya kwana shi kaɗai, shi ne kuma ba ya ƙaunar baƙo. Garken da ya saba da juna yakan ɗauki ɗakin a matsayin ƙasarsa, in aka jefa musu sabo sai su taru a kansa, su cije masa yatsu, su fige jela, su hana shi abinci, su hana shi shiga cikinsu da dare. Sau da yawa a nan ajalinsa yake. A daji wanda aka kora yakan tashi ya nemi wani garken. Cikin raga kuwa ba shi da wurin zuwa.

Maganin da masu kiwo suka gano shi ne a zuba dukan tsuntsayen rana ɗaya cikin ɗakin da babu wanda ya riga ya san shi. In tilas ne a ƙara wani daga baya, sai a ajiye shi cikin keji dab da ragar, su riƙa ganin juna har kwanaki, sa'an nan a canja wa rassa wuri kafin a sake shi, a kuma tsaya a sa ido. Kwanon abinci kada ya zama ɗaya. A rarraba uku ko huɗu nesa da juna don kada ƙarfafa su tare. Duk wanda aka ga ya koma ƙasa ya takure, ko yatsunsa na jini, a fitar da shi nan da nan. Saboda wannan fitina ne waɗansu suka gwammace su ajiye miji da mata da 'ya'yansu kawai a ɗaki guda.

Wata matsalar kuma ita ce namiji da tamata kamarsu ɗaya, ido ba ya bambanta su. A yanzu akan tsige gashi guda a aika ɗakin bincike a gwada. Wanda ba shi da halin wannan sai ya sa musu zobba masu launi daban-daban a ƙafa, ya lura da waɗanda ke yi wa juna susa da ciyayya, da kuma wadda ta yi ƙwai.

Sheƙa Da Ƙwai

Sheƙarsu kamar ɗan ƙoƙo take, ta tsinke da ciyawa, kuma cikin keji suna karɓar ƙaramin kwando in an ɗaura musu a wuri mai duhuwa. A rataya kwanduna fiye da yawan matan, don rage faɗa. Tamata takan yi ƙwai 2 ko 3, ƙanana ƙwarai, miji da mata suna karɓa-karɓa wajen kwanci. Cikin kwana 11 zuwa 14 an ƙyanƙyashe, alhali tattabara sai ta yi 17 ko 18, kaza kuwa 21. Iyaye suna amayo abinci su ɗura wa 'ya'yan, waɗanda tun ba su iya tashi ba, suna 'yan kwana goma da wani abu, suke fita su yi ta hawan rassa, da dare su komo.

Amfanin garke a nan yake bayyana, don 'ya'yan da suka girma sukan taya iyaye kwanci da ciyar da ƙanne, wani lokaci ma mata biyu su zuba ƙwai a sheƙa ɗaya. Amma da yake abinci ba ya yankewa cikin keji, tamata takan yi ta ƙwai ba hutu har ta rame. Mai hankali yakan cire kwanduna na 'yan watanni don ta huta. Bugu da ƙari, garken da aka rufe shekara da shekaru wa yana auren ƙanwa, jini yakan yi rauni, ƙwai su riƙa baragurbi. Don haka masu kiwo ke rubuta asalin kowane tsuntsu a littafi, suna musayar matasa tsakaninsu. Duk mai tattabaru ya san wannan, ko da bai taɓa rubutawa ba.

Me Ya Shafe Mu?

Mai karatu zai ce, to, tsuntsun da ke cike da daji, wanda masu lambu ma ke kuka da ɓarnarsa, me ya kai mutum wahalar kiwonsa? Gaskiya ne, babu ko ɗaya cikin iri shidan nan da ke cikin jerin masu shirin ƙarewa. Amma haka gauraka yake a da, garke-garke a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Chadi. Aka yi ta kama shi ana kai wa masu hali su yi ado da shi a tsakar gida, fadamu kuma suka ragu, yau ga shi da wuya a gan shi a dajin Nijeriya. Aku ma haka: wani bincike da aka buga ya nuna Ghana ta yi hasarar kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992, kuma a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun daji tsakaninsu.

Kasuwar waje ma ta canja. A 2005, saboda murar tsuntsaye, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen da aka kamo a daji, a 2007 kuma ta mai da hanin na dindindin. Tun daga nan masu sha'awa a can sai abin da aka ƙyanƙyashe a keji. Mu ma an tabbatar da ɓullar cutar a ƙasarmu a watan Fabrairu na 2006, a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, saboda haka duk sabon tsuntsu a ware shi nesa da kaji da tattabaru tukuna. A gida kuma akwai Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963, da Doka mai lamba 11 ta 1985 wadda aka tsananta tararta a 2016. Wanda ke son fara kiwon tsuntsun daji ya fara zuwa ofishin gandun daji na jiharsa ya nemi izini, masu son ƙarin sani kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Abin da muke jawo hankalin 'yan'uwa masu sana'ar tsuntsaye a Kurmi da masu aiko musu daga gida a kansa shi ne, daji ba rijiya ba ce da ba ta ƙafewa. Gwanda da rana da rairayin da Bature ke kashe kuɗi kafin ya sama wa wannan tsuntsu, mu a ƙofar gida muke da su, ga kuma gwanintar kiwo tun ta kaka da kakanni. In aka koyi hayayyafa mai sauƙi irin wannan tun yana da yawa, gobe sai a gwada da kanari da tsirya, mai talla ya samu abin sayarwa ba tare da ya jira mai tarko ba. Allah ya sa mu dace, amin.