Kalmar "Free" Ba Kullum Take Nufin Kyauta Ba

Jama'a masu karatu, yanzu da yawa daga cikinku sun iya haɗa baƙi. Kuna duba rubutun da ke jikin kwalba da buhu da allon asibiti. Sai dai galibin rubutun nan da Turanci ake yin sa. A ciki akwai wata kalma da kowa ke murnar gani. Ita ce "free", ana furta ta kamar "firi". Harufanta huɗu ne kacal, amma ma'anarta ta fi ɗaya.

Ga abin da ya sa muka ɗauko ta. A wani ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Doguwa, wani manomin masara ya nuna mini wata takarda. An ba shi taki buhu huɗu, ya dangwala yatsa. A saman takardar an rubuta "interest-free loan". Shi dai "free" ya gane, sai ya ɗauka kyauta aka yi masa. Da na fassara masa, jikinsa ya yi sanyi. Ashe bashi ne.

Mu warware kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Loan" na nufin bashi. "Interest" na nufin kuɗin ruwa. Ita kuwa "free" a nan ba kyauta take nufi ba, tana nufin "babu". Wato bashin da babu kuɗin ruwa a kansa. Misali, in ka karɓi naira 100,000, to naira 100,000 za ka mayar, ba a ƙara maka ko kwabo. Amma uwar kuɗin tana wuyanka, sai ka biya. Wanda ya ba da takin bai yi ƙarya ba. Laifinsa, a ganina, shi ne bai yi bayani da Hausa ba.

To, yaya za a gane? A duba inda kalmar ta zauna. In "free" ta zo a bayan sunan wani abu, ma'anarta ita ce babu wannan abin. "Sugar-free" a jikin lemon kwalba na nufin babu sukari a ciki, amma mai kanti sai ya karɓi kuɗinsa. "Alcohol-free" a jikin maganin tari na nufin babu barasa a ciki. Haka kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nahiyar Afirka ta zama "free" daga cutar shan-inna, nau'in da ake kira na daji. Ma'ana ta rabu da shi. Iyaye mata su lura, wannan bai sa an daina ɗiga wa yara maganin riga-kafi ba.

In kuwa "free" ta zo a gaban sunan abu, sau da yawa kyauta take nufi. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fara shirin UPE, aka ce "free primary education", wato karatun firamare kyauta. In kun ga "free treatment" a asibiti, magani kyauta ke nan. In an rubuta "free" tare da "not for sale" a jikin gidan sauro, to kyauta ne kuma ba na sayarwa ba ne. Duk wanda ya nemi kuɗi a kansa, ku tambaye shi dalili.

Na ce "sau da yawa", ban ce kullum ba. Akwai ma'ana ta uku, wato 'yanci. Da aka saki Nelson Mandela na Afirka ta Kudu a 1990, bayan shekara 27 a kurkuku, ya zama "free man", mutum mai 'yanci. "Free and fair election" kuma zaɓe ne da babu tilas, babu maguɗi. Wanda ya ce maka "Are you free?" yana tambaya ne ko kana da sukuni.

Kada wani ya ce ai Turanci ne ke da wannan rikici. Mu dubi kalmar "ruwa" a Hausa. Akwai ruwan sha, akwai ruwan bashi, akwai "ba ruwana". Yaron Kiru ko Bebeji ba ya rikicewa, domin sauran maganar ke nuna masa wanda ake nufi. Baƙon da ke koyon Hausa kuwa sai ya sha wuya. Ba mu kaɗai "free" ke wahalarwa ba. Sinawa, irin waɗanda ake gani a Kantin Kwari, a harshensu "mianfei" ita ce kyauta, "ziyou" kuma 'yanci. Su ma in suna koyon Turanci sai su tarar kalma ɗaya ta haɗe musu duka biyun, kamar yadda ta haɗe mana.

Saboda haka manoman masara na Doguwa da na shinkafa a Tudun Wada, in aka kawo takardar taki ko iri ko injin ban-ruwa, kada ido ya tsaya a kan "free" kaɗai. A karanta kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta. In an ga "loan" ko "credit" ko "repay", to akwai biya. Kafin a dangwala yatsa a kai wa malamin aji ko wani ɗan makaranta ya duba, a kuma tambayi mai takardar nawa za a biya, kuma yaushe. A takardar manomin nan an rubuta watan Disamba. Bai sani ba sai ranar da ya kawo ta aji.