Makahon da Ya Yi Kunnen Doki a Gasar Chopin

A watan Janairun 1927 aka buɗe wata gasar kaɗa fiyano a Warsaw, babban birnin Poland. Malamin kiɗa Jerzy Żurawlew ne ya assasa ta, domin ya ga matasa sun fara juya wa kiɗan Chopin baya, wato shahararren mawallafin kiɗan ƙasar da ya rasu a 1849. Sharaɗinta ɗaya ne: ba a kaɗa komai sai abin da Chopin ya rubuta. Lev Oborin, ɗan shekara 19 daga Tarayyar Sobiyet, shi ya lashe ta farko.

Bayan shekara biyar, a 1932, aka yi ta biyu. Cikin mahalarta akwai Imre Ungár, saurayi ɗan shekara 23 daga Hangari, wanda ya makance tun yana ɗan shekara uku.

Fiyano tana da maɓallai 88, kuma kiɗan Chopin kan sa hannu ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. Mai ido yakan saci kallo kafin ya sauke yatsa. Makaho kuwa sai hannunsa ya haddace tazarar kowane maɓalli. Takardar kiɗan ma da yatsu yake shafa ta, ya haddace layi bayan layi, tunda hannun da ke karatu ba ya kiɗa.

Da alƙalai suka tattara maki, sai ga Ungár ya yi kunnen doki da Alexander Uninsky, haifaffen Kiev mazaunin Faransa, su biyu a saman kowa. Kunnen masana ya kasa raba su. Daga ƙarshe tsabar kuɗi aka jefa sama, ta faɗo wa Uninsky. Shi ya zama na ɗaya, Ungár na biyu.

Rabo ya ba wani kambun, amma bai rage wa Ungár komai ba. Bayahude ne, ya tsira daga Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya rusa zauren gasar ya kuma dakatar da ita har 1949. Ya koyar a Makarantar Kiɗa ta Liszt da ke Budapest, ya rasu a 1972.

Duk mai ɗa makaho ya riƙe wannan labari. Alƙalai sun auna ƙwarewarsa da ta mai ido, ba su sami bambancin ko maki ɗaya ba.