Me ya sa ƙudan zuma ke bin kayan shanya?

Idan kana Kankiya ko Kusada a watan Maris zuwa Mayu, wataƙila ka taɓa shanya farar shaddarka, kafin ka juyo ƙudan zuma sun sauka a kanta. Ba farmaki suka kawo ba. Ruwa suka zo ɗiba.

A cikin amya, ƙudan zuma na riƙe zafin wurin ƴaƴansu a kusan digiri 35. Idan rana ta ƙwalle, wasu daga cikinsu sukan fita neman ruwa, su yayyafa shi a kan saƙa, sauran su yi ta fifita da fikafikai. Fankarsu ke nan, ba ruwansu da ɗauke wuta. A bazara kududdufai sun ƙafe, jiƙaƙƙen tufafi kuwa ruwa ne da za su tsotsa ba tare da sun nutse ba.

To yaya suke gano shi? Na farko ƙamshi. Yawancin omo da sabulun wanki ana zuba musu turare mai kwaikwayon fure. Na biyu shi ne wanda zai burge masu son na'ura. Ka ari ƴar fitilar nan da masu POS ke duba jabun kuɗi da ita, ka haska farar riga da daddare: za ka ga ta yi shuɗi tana ƙyalli. Wani sinadari ne a cikin omo da ke shanye hasken UV, wanda idonmu ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi domin fari ya ƙara fita. Rana ma tana da wannan hasken. Idon ƙudan zuma kuwa shuɗi da kore da UV yake kamawa, ja a wurinsa kusan baƙi ne.

Haɗarin yana wajen kwashewa, don wani kan maƙale a aljihu ko hannun riga. Ka kakkaɓe kowane kaya kafin ka ninke, ka ƙara ɗauraya, sannan ka ajiye faranti da ruwa da tsakuwa nesa da igiyar shanya.

Idan ya harbe ka, cire ƙarin nan take da farce ko katin ATM, ka bar wurin, domin harbin na fitar da wari mai kiran sauran. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti ba tare da jira ba.